Kunnen Lauwali

Zariya,
9 ga Maris, 1964

Zuwa ga Gwaggona Ummulkulsum, a Tambuwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa ga uwa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida duka. Yaya ciwon gwiwar nan? Yaya matan ajinki na yaƙi da jahilci? Ni lafiyata lau, sai kewar furar gida, don ta nan ruwa ce da aka nuna wa gero daga nesa.

Mutane na cewa zumuncinmu ya yi nisa, tunda kakana da mahaifinki 'ya'yan wa da ƙani ne. Amma a duk dangi ke kaɗai ce ba ki ce na zare ba da na ajiye aikin malanta na koma ɗalibi da gemuna. Don haka ke ya kamata in ba labarin kwalejin nan.

Karatun shekara uku ne, yanzu ina ta biyu. Sassa huɗu gare mu: na harsuna, na lissafi da kimiyya, na tarihi da labarin ƙasa, sai na dabarun koyarwa, wanda kowa dole ya bi ta cikinsa. Ni na ɗauki Turanci da tarihi. Ana kuma koya mana nazarin halayyar yara, wato yadda hankalin yaro ke girma, da abin da tsoro ke yi masa. An ce nan gaba kaɗan za a haɗa mu da sabuwar jami'a. Mu da za mu horar da malaman firamare, sai kowannenmu ya yi zango guda a makarantar ƙauye, malaminmu ya zo ya zauna a bayan aji ya gwada shi.

Ga albishir. An sa mu rubuta maƙala a kan yadda aka koyar da mu muna yara, tawa ta zo ta ɗaya a cikin arba'in da biyu, har aka ba ni kyauta. Na rubuta a kan Malam Arzika na makarantar Kebbe, wanda kin san shi tun kina aure a can. Na faɗi yadda yake sa mu maimaita abu har mu haddace ba mu san ma'anarsa ba. Na kawo labarin Lauwali, ɗan Fulanin nan da Malam ya zuba wa bulala a gefen kai har kunnensa na hagu ya mutu, iyayensa suka janye shi suka bar ƙasar. Baturen da ke koya mana dabarun koyarwa ya karanta ta a gaban aji. Ya ce za a buga ta a littafin da ake ba sababbin ɗalibai, ya kuma aika da kwafi ofishin ilimi na lardinmu don su ga halin da makarantun ƙauye ke ciki.

Ki gaida kowa. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Giɗaɗo


Tambuwal,
20 ga Afrilu, 1964

Ɗana Giɗaɗo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da lafiyarka. Mu ma lafiya muke, gwiwa dai ta ƙi jin magani. Matan aji sun kai ga rubuta sunan mazansu, wasu kuma sun ce ba su ga amfanin wannan ba.

Na ji karatun da kuke yi, Allah shi sa albarka. Amma Hausarka ta koma ta rediyo, sai da na karanta sau biyu.

Ga abin da ba ka ji ba. Sati ukku da sunka wuce anka kira Malam Arzika Sakkwato, anka sallame shi daga aiki. Sun ce ba shi da takardar shaida, kuma an samu rahoto a kansa. Shekara ashirin da bakwai shina koyarwa ga makarantar nan. Matarsa Madina, ƙawata, ta aiko mini cewa har yanzu da safe shina sa rigarsa shi fita, sai ya kai bakin kasuwa shi tuna, shi komo gida shi zauna.

Ban ce kai ne sanadi ba, Allah ya fi mu sani. Tambaya guda nika yi maka. Zancen kunnen Lauwali, ka tabbata yadda ka rubuta haka abin ya faru? Ka zauna ka tuna da kyau kafin ka ba ni amsa.

Gwaggonka,
Ummulkulsum


Zariya,
11 ga Mayu, 1964

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Allah ya sawwaƙe ciwon gwiwa.

Labarin Malam bai yi mini daɗi ba, amma ban rubuta don a kore shi ba. Lokaci ne ya canja. Ƙasa ta sami 'yanci, tana bukatar malamai masu horo, ko da maƙalata ko babu ita da ranar nan ta zo. Game da Lauwali kuwa, ina cikin ajin nan ranar da abin ya faru. Ni ne ma monita. Har yau ina jin ƙarar bulalar. Me kike so in tuna kuma?

An fitar da wuraren gwajin koyarwa. Na roƙi a kai ni ƙasarmu, an ba ni Fakku, daga watan Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Hutun damina a nan zan yi shi saboda jarrabawa. Daga Satumba ki riƙa ba direban motar Kebbe takarda, za ta same ni.

Ɗanki,
Giɗaɗo


Fakku,
4 ga Oktoba, 1964

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fata kin wuni lafiya, ke da iyali. Na iso Fakku sati uku ke nan, lafiya ƙalau, sai sauro da ya karɓe ni hannu bibbiyu. Gero ya yi kyau a nan, an fara girbi.

Takardarki ta watan Agusta ta bi ni Zariya, ta dawo, sai shekaranjiya ta shigo hannuna. Jakar mai kawowa ta faɗa ruwa a wurin ƙetare gulbi, tawada duk ta narke. Abin da na iya karantawa kaɗan ne: gaisuwarki, da "ranar Laraba", da "Madina tana", sai wani layi da ya ce "Malam Arzika ya koma ga ma", sauran ruwa ya cinye. Na gane dai, ya koma ga makaranta, an mayar da shi aiki. Wallahi na ji sanyi a raina. Da ma na yi zaton haka, don na gan shi da idona.

Makarantar nan ɗaki biyu ce ta ƙasa. Hedimasta, Malam Ɗangiwa, baƙo ne daga wajen Gusau, yana da aji ɗaya da biyu, ni aka ba uku da huɗu. Tagar ajina ba ta da murfi, kuma daura da ita akwai wani marke mai kututture a gindinsa. Ranar Litinin ta satina na biyu, da hantsi, ina koyar da labarin ƙasa, na juya allo na zana gulbin Zamfara. Da na waiwayo sai ga Malam zaune a kan kututturen, sanye da shuɗiyar rigar nan tasa mai tabon tawada a aljihu, ya ɗora hannu biyu a kan gwiwa yana saurare.

Ban san da wace fuska zan tare shi ba. Na ce in gama darasi tukuna. Da aka kaɗa ƙararrawa na fita, babu shi. Washegari ya dawo, daidai lokacin. Na ajiye alli na je taga na durƙusa daga ciki na gaishe shi. Bai amsa gaisuwar ba. Cewa ya yi, "Ci gaba, Giɗaɗo. Ina jin ka."

Yanzu kusan kullum yana zuwa. Ina jin ofis ne suka sa shi ya riƙa duba makarantun ƙauye, irin yadda ake yi wa tsofaffin malamai don a sama musu abin yi. Ya rame ƙwarai. Bai yi mini zancen maƙala ba, ni ma ban yi ba. Ranar bikin 'yancin kai da muka yi fareti na aika a kai masa kujera, aka dawo da ita aka ce ba a ga kowa ba, ya riga ya tafi.

Idan kin rubuta wa Inna Madina, ki ce ina gaishe ta, kuma zan shigo Kebbe in an yi hutu.

Ɗanki,
Giɗaɗo


Fakku,
25 ga Oktoba, 1964

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Sati uku ke nan ban ji daga gare ki ba, Allah ya sa lafiya. Ni jikina lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Zancen Malam ne. Akwai abubuwan da na fara lura da su.

Ban taɓa ganin zuwansa ba, ban taɓa ganin tafiyarsa ba. Kullum sai na juya allo. Na gwada yini guda ban juya ba, na koyar da baki kawai idona a kan kututture, har aka tashi babu kowa. Na sunkuya in ɗauki rajista, na ɗago, yana zaune.

Hanyar Kebbe har yanzu laka ce a wurare da yawa, wanda ya zo daga can sai ka gani a ƙafarsa. Ƙafafun Malam fes suke, kamar wanda aka wanke yanzu. Na tambayi mai fito a bakin gulbi, ya ce ya san Malam Arzika sarai, amma rabonsa da ɗaukarsa tun kafin damina. Ya dube ni wani iri, ya buɗe baki zai yi magana, sai masu kaya suka kira shi. In iska ta biyo ta tagar kuma, ƙanshin ganyen magarya nake ji da kafur.

Na tambayi Malam Ɗangiwa ko ofis sun sanar da shi zuwan mai dubawa. Ya ce wane mai dubawa? Na kwatanta masa. Ya ce shi awaki kawai yake gani a gindin marken nan, ya ba ni shawara in sha maganin zazzaɓi. Yara kuwa ba sa kallon wajen. Kin san yara da baƙo, ko akuya ce ta yi atishawa sai sun leƙa. Na ji tsoron tambayarsu.

Sau ɗaya na kai masa ruwa a kwanon sha. Bai karɓa ba. Na tsaya a gabansa da rana tsaka, na ce, "Malam, in na yi maka laifi ka yafe mini." Ya ɗago ya dube ni, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan. Ya ce, "Takardarka ta yi kyau. An karanta mini ita. Layi guda ne ba daidai ba." Na ce wanne? Sai hayaniya ta tashi a aji, na waiwaya, shi ke nan.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki ya faru ranar Alhamis. Ajin ya hargitse, na yi magana sau uku ba a ji ba. Akwai wata tsohuwar bulala a saman kabad, ban taɓa taɓa ta ba, don a kwaleji an hana mu. Ban san lokacin da na ɗauko ta ba. Na ɗaga hannu, sai na ga inuwa ta rufe taga. Malam ne a tsaye, ya dafa bakin tagar da hannu biyu, yana kallon hannuna. Ban taɓa ganinsa a tsaye ba sai ranar.

Gwaggo, hannun nan nawa ya san nauyin bulalar. Ya san yadda take lanƙwasa in an kawo ta ta gefe. Ni da na yi shekara biyar ina koyarwa ban taɓa dukan ɗan kowa ba, a ina hannuna ya koya? Na sake ta ta faɗi, na sallami yara tun kafin lokaci.

Baturenmu zai zo gwada ni ranar goma sha bakwai ga watan gobe. In na faɗi, shekarar nan ta tafi a banza. Amma ba wannan ne ke hana ni cin abinci ba. Don Allah ki gaya mini abin da kika rubuta a takardar da ta jiƙe, kalma da kalma.

Ɗanki,
Giɗaɗo


Tambuwal,
5 ga Nuwamba, 1964

Ɗana Giɗaɗo,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina Sanyinna wata guda wurin haihuwar ɗiyata Zahara'u, ta sauka lafiya, an samu mace. Jiya na komo na iske takardunka biyu. Na karanta su, na yi alwala na yi nafila, sannan na ɗauki alƙalami. Kai ma ka yi bisimilla ka zauna kafin ka ci gaba.

Abin da na rubuta shi ne: Malam Arzika ya koma ga Mahaliccinsa. Ya rasu ranar Laraba, sha biyu ga Agusta, bayan jinyar kwana tara. Madina tana takaba. Ni da kaina na tafi Kebbe gaisuwa, na ga makarar da anka ɗauke shi jingine ga bangon masallaci. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san mi kake gani ga gindin marke ba. Malamai sun ce wanda ya tafi ba shi komowa, kuma aljani na ɗaukar kama. Ban musa musu ba. Ka riƙe Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi safe da yamma. Amma ko mine ne wanga abu, bai gaya maka ƙarya ba, kuma ni zan gaya maka sauran, don na yi shiru ya isa.

Madina ta ba ni labari. Bayan an sallame shi, wani magatakarda da ya taɓa zama ɗalibinsa ya kawo mashi kwafin takardarka, ya fassara mashi ita. Ya saurara har ƙarshe. Yac ce, "Yaron ya iya rubutu. Zancen hadda gaskiya ya faɗi, haka anka koya mini, haka na koyar. Layi guda ne ba daidai ba, kuma ba don ni nika jin shi ba, don shi ne. In na samu ƙarfi zan tafi in gaya mashi." Da ya ji za a kawo ka Fakku ya yi murna, yac ce kusa ne. Bai kai ba.

Ga layin. Shekarar da abin ya faru gidan mijina na farko na jikin makarantar Kebbe, katanga guda ta raba mu. Ranar nan Malam ba shi cikin aji. An kira shi gidan hakimi, ya bar maka aji da bulala, kai ne monita. Ina shanyar kuɓewa bisa katanga, ina ganin ku ta taga. Lauwali ya kasa karanta harafi, 'yan aji sunka yi dariya, kai kuma ka ga kamar kai ake yi wa. Ka kawo mashi bulala ta gefe. Ni na fara shiga ajin, ni na toshe kunnen da gefen zanena. Kana tsaye, ka jiƙa wandonka.

Da Malam ya komo ya ga abin da ya faru, ya karɓe bulalar daga hannunka, ya dubi 'yan aji yac ce, "Ni na buge shi. Kun ji ko? Ni ne." Saura wata biyu a zaɓi waɗanda za su makarantar midil a Sakkwato, kuma kai kaɗai ne Kebbe ke da shi. Da an ji, da an cire sunanka. Ya tafi rugar su Lauwali ya durƙusa gaban uban, anka zage shi gaban jama'a, bai ɗaga kai ba. Ni kuma ya sa na yi mashi alkawali ba zan faɗi ba muddin shina raye. Ka yi zazzaɓi kwana bakwai bayan nan. Da ka tashi, kowa na cewa Malam ne, kai ma ka ce Malam ne. Shekararka sha biyu. Ina jin ka faɗa har ka yarda.

Ban rubuto don in karya ka ba. Amma littafin nan da za a buga, malamai nawa za su karanta shi? Sunan bawan Allah zai shiga hannunsu da laifin da ya ɗauka don kai.

Na ji an ce dangin Lauwali sun komo daga mashekarinsu na damina, sun sauka yamma da Fakku, shanunsu na cin karan gero. Kai ka san abin da ya kamata.

Allah shi tsare ka, shi ba ka ƙarfin zuciya.

Gwaggonka,
Ummulkulsum


Fakku,
22 ga Nuwamba, 1964

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Barka da samun jika, Allah ya raya ta, ya ba Zahara'u lafiyar shayarwa. Ni ma na fara cin abinci.

Takardarki ta zo ranar Asabar da azahar. Na karanta ta a tsaye a bakin rijiya. Da na kai wurin da kika ce kina shanyar kuɓewa, sai komai ya dawo mini, har da launin zanenki. Baƙi ne mai ratsin fari. Na tuna Lauwali bai yi kuka ba, hannu kawai ya kai ya taɓa wurin, ya dubi yatsunsa. Na zauna a ƙasa, mata masu ɗiban ruwa suna zagaye ni.

Ranar Litinin na daɗe a ƙofar aji kafin in shiga. Na karanta abin da kika ce in karanta. Da hantsi na juya allo, na waiwayo. Yana nan. Ban san abin da ya ba ni ƙarfi ba. Na rufe littafi na ce wa yara yau labari zan ba su. Na ba su labarin wani monita da malaminsa, ban rage komai ba, a ƙarshe na ce monitan nan ni ne. Wata yarinya a benci na gaba ta ce, "Malam, to shi mai kunnen an ba shi haƙuri?" Na ce ba a ba shi ba tukuna. Da na dubi taga, kututture ne kawai. Tun ranar ban sake ganinsa ba.

Bature ya zo ranar Talata kamar yadda aka tsara. Ya zauna a baya ya yi rubuce-rubucensa, ya ce darasina ya yi. Bayan an tashi na miƙa masa takarda shafi uku da na rubuta gaskiyar abin da ya faru. Ya karanta a jikin motarsa, fuskarsa ta yi ja. Ya ce za a cire maƙalar daga littafi, za a karɓe kyautar da aka ba ni, kuma sai na sake wannan darasin shekara mai zuwa, wato takardar shaidata za ta yi jinkirin zango ɗaya. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, da ya aika da rubutun ɗalibi bai bincika ba, zai rubuta wa ofishin ilimi a gyara. Ya tambaye ni ko za a iya mayar da tsohon bakin aikinsa. Na ce ya makara.

Jiya na tafi neman Lauwali. Rugarsu tafiyar sa'a guda ce yamma da gari. Na iske shi da rana a cikin gonar da aka girbe, yana tsaye a kan ƙafa ɗaya da sandarsa, shanu na cin kara. Ya zama dogon mutum, yana da mata da 'ya'ya biyu. Na yi sallama daga hagunsa bai ji ba, sai da na zagayo. Yana karkata kai in zai saurari mutum.

Na ce, "Ka gane ni?"

Ya ce, "Giɗaɗo monita. Ka yi ƙiba."

Na durƙusa a cikin karan nan na faɗi abin da ya kawo ni. Na shirya magana mai tsawo, amma ta ƙare a kalma kaɗan. Na ce ni ne na buge shi, ba Malam ba, ya yafe mini don Allah.

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce, "To wa anka buga? Ni ban san wanda ya buge ni ba? Malam ya roƙe ni tun ran nan kada in gaya wa Baffa, na kuwa riƙe. Na daɗe ina jin haushinka, har na taɓa cewa in na gan ka sai na fasa maka kai. Amma shanu ba su damu da kunne guda ba. Tashi, na yafe."

Ya kai ni inuwa, matarsa ta kawo nono. Ina cikin sha ya ce, "Ai na san kana tafe. Malam ya gaya mini."

Na ajiye ƙwaryar. Na ce yaushe?

"Ran Litinin, da rana ta take. Ina zaune nan wurin, sai na gan shi kusa da ni. Yac ce, Giɗaɗo na zuwa, ka saurare shi. Na tashi in kawo mashi nono, kafin in komo ya wuce. Ya tsufa ƙwarai, Allah sarki. Mu wata biyar muna daji, ban ko san shina yawo har nan ba."

Ya riƙa murza sandarsa, kamar mai juya wani abu a rai. Can ya kai hannu ya taɓa kunnensa na hagu.

Ya ce, "Abu guda ke ba ni mamaki. Ga wanga gefe ya zauna. Shekara sha fuɗu ban ji ko tsawa ta nan ba. Amma maganarsa na ji ta sarai, kuma a hankali ya yi ta."

Ya rako ni har bakin hanya. Da za mu rabu ya ce in na shiga Kebbe in gaida Malam, in ce masa nononsa na nan an ajiye. Gwaggo, na buɗe baki sau biyu in gaya masa, na kasa. Cewa na yi to.

Ranar Juma'a ake rufe makaranta. Zan bi ta Kebbe in durƙusa wa Inna Madina, in roƙi a nuna mini kabarin. Daga nan zan zo Tambuwal. Ina so ki taimake ni da kalmomin da zan koma in gaya wa Lauwali, don kafin su tashi da shanu dole ya ji, kuma daga bakina.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Ki gaida mai jego. Sai na iso, in Allah ya yarda.

Ɗanki,
Giɗaɗo